Kulawar Malami da Karamcin Mutanen Gari: Tambayoyi da Amsoshi kan Rayuwar Ɗalibi a Sakandare

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye, sababbin malamai da 'yan kwamitin makaranta suka fi yi game da sakandare a arewacin Najeriya, ta kwana da ta jeka-ka-dawo. Yawancin amsoshin ba sa cin kuɗi. Abin da suke ci shi ne a san wanda aka ɗora wa kowane aiki, da ranar da zai yi shi.

Me ake nufi da malami mai kula? Ashe ba koyarwa kawai aka ɗauke shi ya yi ba?

Koyarwa aka ɗauke shi ya yi, amma yaron da bai karya ba, ko wanda ya kwana cikin tsoron siniya, ko wanda ba ya ganin allo daga bencin baya, ba ya ɗaukar darasi komai iyawar malami. Yaro yakan shiga sakandare yana ɗan shekara 11 ko 12, ya fita yana 17 ko 18. A cikin shekarun nan shida yake balaga, yake zaɓen abokai, yake yanke wa kansa hukuncin ko shi mai ƙoƙari ne ko daƙiƙi. Sau da yawa daga bakin wani malami yake ɗaukar wannan hukunci.

Ana gane malami mai kula da abubuwa huɗu: ya san sunan ɗalibinsa, yakan lura in bai zo ba, yana duba aikin da ya bayar ya mayar da shi da gyara, kuma yakan riƙe sirrin da aka faɗa masa. Fara'a tana da kyau, amma akwai malamai masu tsare gida da ɗalibai suke tunawa da alheri har tsufansu, saboda abubuwan nan huɗu.

Ajinmu ɗalibai tamanin ne. Ta yaya malami ɗaya zai san kowa?

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, amma a makarantun gwamnati na manyan garuruwa ninkin haka ba abin mamaki ba ne. Darasi na minti 40 ne. In aka raba shi ga yara 80, rabin minti kowa zai samu. Don haka ba a cikin darasi ake sanin yara ba, sai an yi dabara.

A makon farko malamin aji ya zana taswirar zama a takarda, benci-benci, da sunan kowa a gurbinsa, kada a sauya wuri har wata guda. Ya haddace suna goma kullum. Cikin kwana takwas na makaranta ya gama. Sai ya raba ajin gida takwas, kowane rukuni mutum goma da shugabansa, wanda aikinsa kawai ya faɗi wanda bai zo ba da wanda ba shi da lafiya. Kada a ba shugaban rukuni ikon horo, domin da zarar an ba shi, yara za su daina gaya masa gaskiya.

Bayan haka malami ya ware minti biyar a lokacin tara, ya zanta da yara biyu kullum. Da wa kake zaune a gida? Da me kake zuwa makaranta? Wane darasi ne ke ba ka wuya? Yara biyu a rana, goma ke nan a mako, cikin mako takwas ya zagaye ajin, alhali zango yana kai mako goma sha biyu ko sha uku. Ya rubuta abin da ya ji a littafi na musamman, ya kulle shi a loka. Wannan littafi bai kamata ya kwana a kan teburin ɗakin malamai ba.

Yaro ya yi fashin kwana nawa kafin a nemi gidansu?

Kwana uku a jere, ko kwana biyar a warwatse cikin wata ɗaya. Wannan ita ce tambayar da muka fi so kowace makaranta ta amsa a rubuce, domin yaro ba ya barin makaranta rana ɗaya. Yakan fara da makara, sai fashin ranar kasuwa, sai na mako guda lokacin shuka ko girbi. In ya dawo ya tarar an wuce shi, ga bulalar fashi tana jiransa, sai ya ga gara ya zauna gaba ɗaya.

Rajista ita ce kayan aikin. A kira suna sau biyu, da safe bayan asambili da kuma bayan tara, saboda masu tsallake katanga da rana. Malamin aji ne zai kira da kansa. Inda aka bar wa monita rajista, ko ake cike ta ranar Juma'a da ka, ba ta da sauran amfani.

Rana ta uku a kira lambar waliyyi. In ba a samu ba, a tambayi yaran unguwarsu, sannan a aika wani babba, malami ko ɗan kwamiti. Mai zuwa gidan ya je da sallama da tambayar lafiya, kada ya je da takardar gargaɗi. Dalilan da aka fi tararwa sanannu ne: zazzaɓi, rashin kuɗin mota, yagaggen yunifom ko tsinkakken takalmi, bashin kuɗin PTA (ƙungiyar iyaye da malamai), tsaron shago ko talla, tsoron wani malami ko wani ɗalibi. Kowanne da maganinsa, kuma babu wanda bulala ke warkarwa a cikinsu. Ranar da yaron ya dawo, a haɗa shi da wanda zai ara masa littafi ya kwafi abin da ya wuce shi, kuma kada a tsayar da shi gaban aji ana tuhumarsa.

Me ya kamata a yi wa sababbin ɗalibai a makon farko?

Ɗan JSS1 ya baro firamare inda malami ɗaya ya san shi, ya faɗo wurin da malamai fiye da goma ke shiga suna fita. A ranar farko a zagaya da su: banɗaki, famfo, masallaci, ɗakin shan magani, ofishin da ake kai ƙara. A nuna musu fuskar mutum ɗaya, a ce in wani abu ya dame ka wurin wannan za ka je. A karanta musu dokokin makaranta da Hausa, ko da harshen da suka fi ji, domin yaron da aka hora kan dokar da bai gane ba zalunci kawai yake gani.

A tambayi iyaye a rubuce ko yaro yana da sikila, asma, farfaɗiya ko matsalar ido da kunne. Mai sikila ba a sa shi aiki a rana, ba a hana shi ruwa, kuma a lokacin hunturu a bar shi da rigar sanyi ko da ba kalar yunifom ba ce. Mai raunin gani a zaunar da shi a gaba. Wanda aka yi wa canjin makaranta a tsakiyar zango ya fi kowa bukatar wannan tarba, shi ne kuma aka fi mantawa da shi.

A makarantar kwana siniyoyi suna wahalar da ƙanana. Ba haka kowa ya taso ba?

Haka mutane da yawa suka taso, kuma ba mu ga alherin da ya haifar ba. Ɗebo ruwa, wankin kayan siniya, ƙwace gari da sukari daga akwatin yaro, tsallen kwaɗo da tsakar dare: wanda aka yi wa a JSS1 jira yake ya kai SS3 ya rama a kan wani. Abin yana faruwa ne a lokutan da babu babba a kusa, wato bayan an kashe fitila, a layin abinci, a bakin famfo da asuba, da yammacin ranar ziyara bayan iyaye sun tafi sun bar kaya.

Gyaran ma a lokutan nan yake. A raba ɗakunan kwanan ƙananan aji da na manya. Malamin gidan kwana ko metiron su kwana a cikin harabar, su yi zagaye sau biyu da dare a lokutan da ba a sani ba. Malami ya tsaya wurin rabon abinci har a gama. A bayyana a asambili cewa firifet ba shi da ikon duka, rubuta suna kawai zai yi. A ajiye akwatin ƙorafi a inda yaro zai jefa takarda ba a gan shi ba, mutum biyu su buɗe shi duk mako.

Kuskuren da ya fi ɓata lamari shi ne a kira mai ƙara da wanda ake ƙara a gurfanar da su tare, sannan a mayar da su ɗaki ɗaya da dare. Daga ranar babu yaron da zai sake buɗe baki.

Iyaye kuma su lura ranar ziyara: rama, tabo, kayan da suka ƙare da wuri, ko yaro ya riƙe rigar uwarsa yana roƙon a tafi da shi.

To in an bar bulala, da me za a riƙe tarbiyya?

Da dokoki kaɗan da ake bi kullum. Tsohuwar ƙa'idar makarantu ma ta keɓe bulala ga shugaban makaranta ko wanda ya wakilta, kuma a rubuta a littafin horo. Yau kowa da dorinarsa. Horon da ke aiki shi ne mai alaƙa da laifin: wanda ya ɓata aji ya share, wanda bai yi aikin gida ba ya yi shi lokacin tara, wanda ya maimaita a kira waliyyinsa. Zagi ya fi duka daɗewa a zuciya, musamman in ya taɓa iyaye, talauci ko wata nakasa. Kuma kada a hori yaro saboda kuɗin da ubansa bai biya ba.

An kawo yaro sakandare bai iya karatu ba. Ya za a yi da shi?

Ba shi kaɗai ba ne, kuma yawancinsu ɓoyewa suke yi. Suna kwafar allo harafi-harafi da kyakkyawan rubutu, ba su san abin da suka rubuta ba. A mako na biyu a gwada kowane ɗan JSS1 shi kaɗai, ba a gaban aji ba: a ba shi sakin layi daga littafin aji uku na firamare, na Hausa da na Turanci, ya karanta na minti ɗaya. Waɗanda suka kasa a haɗa su rukuni da bai wuce mutum 15 ba, a yi musu minti 30 sau uku a mako.

A fara da Hausa. Rubutunta yana bin furuci, yaro yana jin ma'anar abin da ya haɗa, don haka yakan kama da sauri, kuma dabarar haɗa baƙi da wasali tana bin sa zuwa Turanci. Kada a raɗa wa rukunin sunan da zai zama abin tsokana. 'Yan bautar ƙasa da ɗaliban kwalejin ilimi da ke zuwa gwajin koyarwa sun dace da wannan aiki, in an sa malami ɗaya ya riƙa duba su.

Me ke sa 'yan mata su daina zuwa, kuma wa zai iya tarar abin?

Ban da maganar aure da talla, akwai ƙananan abubuwa da ba a faɗa. Banɗaki marar ƙofa ko marar ruwa yana sa yarinya ta zauna a gida duk lokacin al'adarta, kwana uku zuwa biyar kowane wata. Samari masu tare hanya suna sa uba ya ce ta haƙura. Makaranta ta sa malama ɗaya da kowace yarinya ta sani, a ajiye mata audugar mata, sabulu da zane ko hijabi na ko-ta-kwana. Yaran unguwa ɗaya su riƙa tafiya tare.

Lokacin da aka fi rasa 'yan mata shi ne tsakanin JSS3 da SS1, bayan jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, musamman in babbar sakandaren tana wani gari. A nan malami namiji ba ya iya komai shi kaɗai. Iyaye mata na unguwa, malamar Islamiyya da liman su ne ake jin maganarsu a cikin gida. A ba su sunayen waɗanda suka ci jarrabawa tun kafin hutu ya ƙare.

Mene ne bambancin PTA da SBMC?

PTA ƙungiyar iyaye da malamai ce. SBMC kwamitin gudanar da makaranta ne da ya haɗa har da waɗanda ba su da ɗa a ciki: wakilin mai gari, malaman addini, mata, masu sana'a, tsofaffin ɗalibai da wakilan ɗalibai. Shi ke tsara abin da makaranta ta fi bukata, kuma ta hannunsa tallafin gyara yakan bi, kamar na shirin AGILE na ilimin 'yan mata da ke aiki a jihohi irin su Kano, Kaduna, Katsina, Kebbi da Borno.

Duka biyun suna mutuwa ta hanya ɗaya: in taro ya zama na sanar da sabon kuɗi kawai. A yi taro sau ɗaya kowane zango, a sa shi ranar da ba ta kasuwa ba, a yi shi da Hausa, a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe, a manna takardar a allon sanarwa. Inda mata ba sa sakewa a gaban maza, a yi musu nasu zaman a kawo matsayarsu.

Mu mutanen unguwa ba mu da kuɗi. Me za mu iya yi wa makaranta?

Da yawa. Ɗa na kowa ne, kuma yaron da ke yawo da yunifom ƙarfe goma na safe a gaban idon mutane yake yi. Mai shayi, mai gidan kallon ƙwallo da mai cajin waya su yi alkawarin ba za su zaunar da ɗalibi lokacin darasi ba. Mai kemis kada ya sayar wa yaro ƙwaya ko maganin tari ba takardar likita. Kafinta ya ba da yini guda a zango ya ɗaure bencina, tela ya ɗinke yunifom ɗin marayu, magini ya toshe inda katanga ta zube kafin damina. Mai unguwa ya hana a mayar da filin makaranta bola ko a yanka shi fuloti.

Sai tsaro. Tun daga sace ɗalibai a Chibok a 2014 da Dapchi a 2018, zuwa Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021, babu uban da ke kai ɗansa makarantar kwana hankali kwance. Tsare makaranta haƙƙin hukuma ne, amma mutanen gari ne ke fara ganin baƙuwar fuska. Shugaban makaranta ya riƙe lambar dagaci, ta 'yan sintiri da ta ofishin 'yan sanda mafi kusa, su ma su riƙe tasa, kuma ɗalibai su san inda za su taru in an buga ƙararrawar gaggawa.

Malamin da aka turo daga nesa shi ma baƙo ne. Garin da ya sama masa ɗaki, ya gaishe shi a masallaci ko a kasuwa, ya fi riƙe malamai.

Tsofaffin ɗalibai fa?

Tsofaffin makarantu sun nuna hanya. Kwalejin Barewa ta Zariya, wadda ta fara a Katsina a 1921, da Kwalejin Rumfa ta Kano suna da tsofaffin ɗalibai da ba su saki makarantunsu ba. Abin lura, Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da suka yi karatu a Kwalejin Katsina aikin malanta suka fara yi, haka ma Malam Aminu Kano da Shehu Shagari.

Ƙaramar makaranta ma za ta iya. Shawararmu ita ce a tambayi malamai abin da ya fi ciwo kafin a tara kuɗi. Sau da yawa gyaran famfo ko biyan kuɗin jarrabawar yara goma ya fi sabuwar ƙofa mai ado. Kuma nas ko makaniki da ya fito daga makarantar, in ya zo ya yi wa 'yan SS1 bayanin aikinsa na minti 40, ya ba su abin da ba ya cikin littafi.

Ɗana ba Bahaushe ba ne, ko addininsa daban. Zai sake?

Ya danganta da manya. Yara suna kwaikwayon yadda malami ke kiran ɗalibi, don haka a kira kowa da sunansa, ban da laƙabin ƙabila ko na gari. A ba ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta ɗalibai Kirista lokaci da wurin ibada, kada a sa gwaji a lokacin ibadar kowa. A gauraya yara a gidajen wasanni da rukunin shara. Ɗan Fulanin ruga, ɗan gudun hijira da tsohon almajiri da ya girmi ajinsa su ma suna cikin wannan tambaya.

Ina iyakar kusanci tsakanin malami da ɗalibi?

Wannan iyaka tana kare yaro, tana kare mutuncin malami. Ganawa a ofis ƙofa a buɗe, ko a inda ake hango su. Ba a aiken ɗalibi gidan malami, balle ɗaliba. Ba hira ta waya da dare, saƙo ya bi ta lambar waliyyi. In za a taimaka wa yaro da kuɗi ko kaya, ya bi ta ofis da sanin wani malami. Sirri ana riƙe shi, sai in ya shafi cutarwa, kamar lalata, duka mai rauni, shaye-shaye ko yaro ya ce zai kashe kansa. A irin wannan a gaya wa yaron a fili cewa dole a sanar da wanda zai taimaka, a kai wa shugaban makaranta a ranar. In malami ake zargi, a raba shi da ɗalibai har a gama bincike. Sauya masa makaranta a ɓoye kai matsalar ne ga wasu 'ya'yan.

Malamin da ke taimaka wa ɗalibai da amsa a WAEC ko NECO, ba tausayi ba ne?

A'a. Ana iya riƙe sakamakon yaro ko a soke shi, a kuma hukunta makarantar. Wanda ya tsira da kiredit ɗin da ba nasa ba zai gamu da jarrabawar shiga jami'a ta JAMB a gaban kwamfuta shi kaɗai.

Tausayin gaske tun SS1 yake farawa, wurin zaɓen fanni. Mai son likitanci yana bukatar Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, kuma yana bukatar kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Yaro da yawa sai a SS3 suke jin wannan. A zango na farko na SS3 malamin aji ya duba cewa suna da ranar haihuwar kowane ɗalibi iri ɗaya ne a takardun makaranta da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, domin JAMB ba ta rajista sai da ita, kuma saɓanin harafi ɗaya yana jawo wahalar watanni. A yi gwaji da tsofaffin tambayoyi a kan lokaci, a kai yaran da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba su gwada ko sau biyu ne kafin ranar JAMB.

Zan sa ɗana a sakandare. Me zan duba?

Ku je ranar karatu da misalin ƙarfe goma sha ɗaya, ba tare da kun sanar ba. Ku ƙirga azuzuwan da babu malami a ciki. Ku leƙa banɗaki, ku murɗa famfo. Ku karɓi littafin wani ɗalibi ku ga ranar ƙarshe da jan biro ya taɓa shi. Ku tambayi shugaban makaranta: in ɗana bai zo ba, wa zai kira ni, kuma bayan kwana nawa? Sannan ku tare yaro ɗaya a hanya ku tambaye shi sunan malamin ajinsu, da wanda yake gaya wa in wani abu ya dame shi. Kafin ku fita ku bar lambar waya biyu a ofis, taku da ta wani makusanci, ku kuma karɓi ta malamin aji.